Kabad ɗin Banɗakin Autarmu



Kowa ya ga yadda kayan ɗaki suka koma a wannan zamani. A da in uwa ta yi wa 'yarta gadon ƙarfe mai rumfa da kabad na jeren kwalla da tasoshi, to ta fita kunya, sai dai a yi ta sa mata albarka. Yanzu kuwa sai an yi gado da wadirob da madubi, a yi na kicin, sannan a bi yarinya har banɗaki a kafa mata ɗan kabad a ƙarƙashin abin wanke hannu, inda za ta riƙa ajiye sabulai da man wanke gashi da tawul. 'Yan ganin ɗaki kuma ba sa barin ko'ina. Wata sai ta ce a nuna mata inda za ta kama ruwa alhali babu abin da ya matse ta, so kawai take ta leƙa ta ga abin da aka zuba a ciki, ta samu na ba da labari in ta koma gida.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba, yawancin kayan nan masu sheƙi da wani allo ake yin su wanda kafintoci suke kira MDF. Ni 'yar kafinta ce, shi ya sa nake da bakin magana a kai. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, ya fi shekara talatin yana aikin katako, kuma da yake mata ya fara haifa, ni ce nake riƙe masa bakin falanki in yana yanka tun ina 'yar firamare. Shi da maɗaci da iroko ya saba, katakon da za ka yi wa 'ya gado da shi har jikarta ta kwanta a kai. Ranar da aka fara kawo masa allon MDF shago, juya shi ya yi ta yi yana ƙwanƙwasawa, can sai ya ce wannan ai tuwon katako ne. Duk da haka bai ƙi aiki da shi ba, domin mai talla shi yake bin kasuwa.

Kuma gaskiya Baba ya faɗa. Yadda ake yinsa, itace ake niƙewa har ya koma zare-zare kamar auduga, a cakuɗa shi da wani gam da ɗan kaki irin na kyandir, sannan inji ya danne shi da zafi mai tsanani har ya zama allo. Tun a shekarun 1960 aka fara yinsa a Amurka, daga baya ya bazu duniya. Allo ɗaya ƙafa 8 ne a tsawo, 4 a faɗi, kuma mai kaurin milimita 18 da aka fi yin kabad da shi nauyinsa ya kai wajen kilo 40. Sumul yake, ba shi da ƙulli ba shi da tsaga, yana karɓar fenti kamar fuskar amarya da hoda, ga shi ya fi katakon gaske sauƙin kuɗi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Fuskarsa da inji ya danne tana da ɗan tauri, ruwa yakan jima a kai kafin ya shiga. Bakinsa kuwa, wato duk inda zarto ya bi, kamar soso yake. Kin ga yadda garin kwaki yake yi in an zuba masa ruwa? To haka yake tashi. Katakon itace in ya jiƙe yakan kumbura, in ya bushe ya koma kusan yadda yake. Shi wannan in ya kumbura ya kumbura ke nan, ko kwana arba'in kika shanya shi a rana.

To sai ki duba irin banɗakinmu. Turawan da suka ƙirƙiro ajiye kabad a banɗaki, nasu a bushe yake, wurin wankan daban ne an kange shi da gilashi ko labule. Mu kuwa da bokiti muke wanka ruwa yana fallatsa ko'ina, ga buta, ga alwala sau biyar, ga ɗan wankin kayan yara da ake yi a tsugune, sannan in za a wanke banɗakin bokiti guda ake kwararawa a bi da tsintsiya. Yaushe ƙasan zai bushe?

A shekarar 2022 aka sa ranar autarmu. Baba ya riga ya rasu tun 2014, babu wani namiji babba da zai ɗauki nauyin kayan ɗaki, daga ni sai Umma. Adashina na shekara guda ya tafi a ciki, Umma ta sayar da tumakinta biyu, ni kuma na ƙara da ɗan kunnen gwal ɗin da na daɗe ina ɓoyo. Yaron da za ta aura mutumin kirki ne, malamin makaranta, sai dai gidansu babban gida ne. Sashe aka fitar masa a ciki, kusa da na mahaifiyarsa da na yayyensa biyu, kuma matan yayyen nan duk 'ya'yan manyan 'yan kasuwa ne, irin waɗanda ake sauke musu kaya da babbar mota. Auta ba ta taɓa furtawa ba, amma ni na san abin da yake hana ta barci. Tsoro take kada faccaloli su raina ta, a ce an kawo 'yar marigayi kafinta da kayan rakiya.

Tsoron nata yana da dalili. Wata ƙawarta da aka kai shekara guda kafin nan, wata huɗu kacal kabad ɗin banɗakinta ya yi. Ƙasansa ya tashi kamar burodi, fentin ya dare, ƙofa ɗaya ta zube domin sukurun ba su da abin kamawa, ciki kuma duk funfuna da wari. Ƙannen mijin suka sa mata waƙa, wai kayan gwanjo aka yi mata. Mijin ya ciccibe shi ya ajiye a bayan gida. Yarinyar nan a gabana ta yi kuka, kuma na san iyayenta, bashi suka ci suka yi mata. Ba kafinta aka zaga ba, ba mai allo aka zaga ba, ita da uwarta aka zaga.

Wanda ya yi mana aikin tsohon yaron Baba ne, a hannunsa ya koyi riƙe zarto. Da ya gama gado da wadirob sai ya ce, "Yaya, akwai ragowar allo, zan haɗa wa Auta ɗan kabad na banɗaki kyauta, albarkacin Baba." Na yi masa godiya, sannan na tambaye shi yadda zai yi da ruwa. Ya ce feshi zai yi masa kamar sauran, haka kowa yake yi. Na ce, ciki da baya da ƙasa fa? Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wa zai kwanta a ƙasa ya leƙa?" Na ce ruwa ne zai leƙa.

Da da hali, da ba da wannan allon za a yi ba. Akwai filawud irin wanda ake aikin jirgin ruwa da shi, akwai alminiyam, akwai allon roba fari, duk sun fi shi jure ruwa. Ko a cikin MDF ɗin akwai mai jure danshi, wanda masu yinsa sukan rina cikinsa kore don a gane shi, a rubuta masa MR. Amma kada koren ya ruɗe ki, rini ne kawai na shaida, kuma danshi aka ce yana jurewa, in ya kwana cikin ruwa shi ma tashi zai yi. Mu dai ragowar allo muka samu, kuma kyauta, ba mu da bakin zaɓe. Sai na kafa masa sharaɗi guda. Na ce ya auna ya yanka, ya huda duk ramin da zai huda, na hinji da na mariƙi da wurin da bututun ruwa zai wuce ta baya, amma kada ya kuskura ya haɗa. Ya kawo min guntu-guntu. Dalili, da zarar an haɗa kabad, bakin allon da ya shige cikin mahaɗa buroshi ba zai ƙara ganinsa ba, kuma ta nan ɓarna take farawa. Ya dube ni ya ce wallahi kamar Baba ne yake magana.

Saura kwana 12 jere ya kawo su a Keke Napep, guda takwas har da ƙofofi biyu. Na share tsohon shagon Baba da ke zauren gidanmu, na buɗe ƙofa da taga, na je Ƙofar Ruwa na sayo kayan aiki.

Bari in tsaya a nan in yi wata magana da ta fi kabad muhimmanci. Ƙurar allon nan laushi gare ta kamar garin fulawa, kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi yana da wani sinadari mai suna fomaldihaid, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 2004. Ita kanta ƙurar katako an sa ta a wannan layi tun 1995. Saboda haka in za a yanka ko a goge, a yi a waje ko inda iska take ratsawa, a sa takunkumi, a kori yara. Sannan ku mata masu aika yara shagon kafinta su kwaso guntaye don hura wuta, don Allah ku riƙa dubawa. Guntun katakon gaske babu laifi, amma guntun MDF kada a ɗora tukunya a kansa, hayaƙin gam ne kike shaƙa ke da 'ya'yanki.

Ranar farko baki kawai na bi. Na goge kowane baki da samfefa mai lamba 220 har gashin da zarto ya tayar ya kwanta, na ɗan kashe kaifin kusurwoyi, domin fenti ba ya zama da kauri a kan kusurwa mai kaifi, janyewa yake yi ya bar wurin da ɗan siriri, nan ne kuma yake fara tsagewa. Daga nan na shafe bakunan da bodi-fila irin na masu gyaran mota, siriri, ina dannawa da guntun roba don ya shige ƙofofin. Shi kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, domin cikin 'yan mintoci yake daskarewa. Da ya yi tauri na sake gogewa har bakin ya yi santsi kamar fuskar. Wasu farin gam suke tsinkawa da ruwa su shafa a maimakonsa. A ganina wannan dabarar kayan ɗakin kwana ce, domin farin gam na yau da kullum in ya daɗe cikin laima laushi yake yi, sannan ga shi da hannunki kin kai wa allon ruwan da kike gudu. Ƙurar kuma da busasshen tsumma na share. Jiƙaƙƙe bai taɓa su ba.

Washegari na fara fentin ƙasa, wanda masu fenti suke kira firaima. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami, su ɗauko ragowar fentin ruwa na bango su shafa don shi ne a kusa. Ruwan cikinsa yana tayar da gashin allon, bakin ya yi kaushi kamar harshen mage. Na mai ake so, wanda ake tsinkawa da tina. Akwai wani kuma na shalak, wani ƙaro ne da wani ɗan ƙwaro yake fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana narka shi da sifirit, shi ko awa ɗaya ba ya kaiwa ya bushe. Ni na mai na samu, shi kuma sai an ba shi yini da kwana kafin a ƙara wani.

Kowane guntu fuska shida gare shi: gaba, baya, da baki huɗu. Duk shidan sai sun sha, har da cikin ramukan da aka huda, waɗanda na riƙa bi da ɗan buroshin zane na yara. Wurin da aka yanke don bututu na fi daɗewa a kai, domin nan ne ɗigon ruwa zai fi samu. Don kada in ɓata kwanaki wajen jiran gefe ɗaya ya bushe kafin in juya, dabarar Baba na yi. Ƙusoshi na buga a jikin tsofaffin falankai tsininsu yana kallon sama, in shafa bayan allo, in kifa shi a kan tsinin, sannan in shafa gaban da bakunan. Ɗan tabon da tsinin yake bari a baya, sai in ɗiga masa fenti daga baya. Fuska sau biyu na yi mata, baki sau uku. Kuma tsakanin kowane shafi da na gaba sai na ɗan bi da samfefa a hankali, kamar mai yi wa amarya dilka, na share, sannan na ƙara. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri samansa ne yake bushewa cikinsa yana nan ɗanye.

Sai ga damina ta nuna halinta. Watan Agusta ne, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano, kwana biyu a jere rana ba ta fito ba. Na taɓa allo da safe na ji yana kama yatsa. Dole na haƙura. Da hunturu ne da ya bushe da wuri, amma shi ma da tasa matsalar, ƙura ce za ta bi fentin ta manne. Fenti dai kamar ƙunshi ne, wadda ta gaji da zama ta cire da wuri ita za ta yi yawo da ƙafa fari-fari.

A nan ne Gwaggo ta iso daga ƙauye don biki. Tana shigowa zaure warin tina ya tare ta, ta gan ni da takunkumi da tsohuwar rigar Baba, hannu duk fenti. Ta ce, "Ke 'yar nan, lafiyarki kuwa? Ƙanwarki za a aurar, mata suna can suna tsinar shinkafa, ke kina nan kina aikin maza?" Na ce, "Gwaggo, wannan ma aikin bikin ne." Ta ce a mayar wa kafinta ya buga ƙusa ya fesa fenti a wuce wurin, kayan banɗaki har wani daɗewa ake so ya yi? In ya lalace miji ya sayi wani. Na ce, "Gwaggo, albashin malamin makaranta ne fa. Kuma in ya lalace ba shi za a kalla ba." Ta yi tsaki ta shige, tana cewa taurin kan ubana ne na ɗauko. Ban ji haushi ba, ƙanenta ne, ta fi ni saninsa.

Wanda ya ba ni mamaki angon ne. Ran nan da yamma ya zo zance, ya tarar da ni ina guga, sai ya naɗe hannun riga ya ce, "Yaya, kawo in taya ki." Na san ba son samfefa ne ya kama shi ba. An hana shi ganin Auta saboda an fara gyaran jiki, shi kuma ya lura tagar ɗakin Umma tana kallon zaure. Kwana uku yana zuwa, yana guga ido yana taga, labule kuma yana motsi ba tare da iska ba. Na yi kamar ban gani ba. Amma aikin ya iya, hannunsa da sauƙi, bai taɓa cinye min fenti a kusurwa ba. Ranar ƙarshe farar shaddarsa ta kwashi fenti a gwiwar hannu, ya ce da ya koma gida Hajiyarsa ta tambaye shi ko ya bar koyarwa ne ya koma fenti.

Fentin sama mai ƙyalli na mai na yi, ruwan madara, shafi biyu, shi ma duk fuska shida. Saura kwana uku jere na yi na ƙarshe. Ana gobe jere kafinta ya zo muka haɗa a hankali a kan tsohon bargo. Na sa shi ya fara huda ƙaramin rami kafin ya ɗaura kowane sukuru, domin bakin allon nan in aka tura masa sukuru da ƙarfi tsagewa yake yi, na kuma riƙa ɗiga fenti a ramin kafin sukurun ya shiga. Sukurun ma waɗanda ba sa tsatsa na sayo. Muka sa masa ƙafafun alminiyam huɗu masu tsawon santimita 15, yadda tsintsiya da ruwan wanke ƙasa za su wuce ta ƙarƙashi ba su taɓa shi ba. Wannan kaɗai rabin maganin ne, wadda ma za ta iya sa a rataye mata shi a bango ya fi. A samansa muka ɗora guntun tayil babba da ya rage daga aikin gidan, ya ɗan zarce bakin katakon, don ruwan da ya zubo ya ɗiga ƙasa.

To sai babbar rigimar. Fentin mai yakan bushe a taɓa shi cikin kwana ɗaya, amma kafin ya yi taurin gaske yakan ɗauki makonni. Ni na ce ko an matsa, sai ya cika kwana bakwai kafin ruwa ya gan shi. Ga shi ranar jere kwana uku kawai ya yi. Na ce a bar shi a gida, in ya ƙosa na kai mata. Auta da ta ji haka sai hawaye. Ta ce, "Yaya, so kike su shiga su ga wurin wayam, a ce ba a yi min ba? Ke ba ke za ki zauna da su ba." Wannan magana ta soke ni, domin gaskiya ce. Gwaggo ta samu abin da take so, ta ce ai ga irinta nan, a kai kaya kawai. Umma ba ta ce komai ba, ta dai sunkuyar da kai tana jan carbi, ita da ta sayar da tumakinta.

Angon ne ya raba gardamar, ta waya. Ya ce a kai shi ranar jere a ajiye a wurinsa kowa ya gani, tunda ba a kafe yake ba, turawa ake yi ƙarƙashin abin wanke hannun. In baƙi sun watse shi zai riƙa fito da shi da kansa ya ajiye a ɗaki, da safe in sun gama wanka an tsane ƙasa ya mayar. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin angon da ya tare da dakon kabad ba. Haka kuwa aka yi. Auta ta ba ni labari daga baya, wai a daren farko bayan abokai sun tafi, ita tana lulluɓe tana jiran a zo a sayi baki, sai ta ji mutum yana nishi yana jan kabad daga banɗaki. Ta ce dariyar da ta ƙwace mata ita ta sa bai biya ko sisi ba.

Da kwanakin suka cika na je da kaina na yi aikin ƙarshe, wato silikon. Shi a ƙarshe ake sa shi, domin fenti ba ya kama jikinsa. Na nemi irin na banɗaki mai maganin funfuna, na bi mahaɗar tayil da katako, da kusurwoyin ciki, da kewayen wurin bututu, na ce kada ruwa ya taɓa sai bayan awa 24. Bayan kabad ɗin kuma na bar ɗan tsakani da bango yadda iska za ta riƙa zagayawa. Na sa hannu na shafa bututun ina sakin ruwa don in tabbatar ba ya ɗiga, domin ɗigo ɗaya-ɗaya na dare da rana ya fi bokiti guda ɓarna. Na ja kunnen Auta: kada ta ajiye jiƙaƙƙen soso ko tawul a ciki, in ta gama wanka ta bar taga a buɗe, kuma duk ranar da ta ga fenti ya ƙwarzane ko da kamar ƙwayar gero ne, ta kira ni kafin ruwa ya riga ni.

Masu sayen allo mai leda a jiki, wanda ba ya buƙatar fenti, ku ma abin ya shafe ku. Ledar fuska kawai ta rufe. Ki sa hannu ki shafa ƙasan kabad ɗin da bayansa tun a shago, in kika ji baki tsirara ba a liƙa masa tef ɗin roba ba, ki ce a rufe kafin ki biya.

A 2024 Auta ta haihu, na je na kwana biyu kafin suna. Kin san yadda banɗakin mai jego yake, ruwan zafi safe da yamma, tururi har bango yana zufa. Da na shiga na durƙusa na zura hannu ƙarƙashin kabad ɗin na bi bakunan ɗaya bayan ɗaya. Suna nan sumul yadda na bar su. Silikon ɗin ne ya yi baƙi a kusurwa ɗaya, shi kuwa dama ba ya dawwama, na kankare shi da reza na sa sabo. Ina cikin yi sai ga babbar faccalarta ta shigo barka, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Can ta ce, "Yaya, ashe da gaske ke kika yi wannan?" Na ce ni ce. Ta ɗan yi jim, sannan ta rage murya ta ce ko zan leƙa nata in gani.

Na je na gani. Babba ne, mai tsada, ya ninka na Auta sau uku, amma zaune yake daɓas a kan tayil, ƙasansa ya tashi ya kai faɗin yatsa huɗu, ta jera robobin sabulu a gaba don su kare. Ta ce ko akwai maganin da za a shafa ya koma. Na ce babu. In kumburin kaɗan ne akan bari ya bushe sarai, a goge, a cike, a rufe da fenti. Wannan kuwa sai dai a cire allon ƙasan da na gefe a yanka sababbi, ƙofofin da saman ne kawai za su tsira. Ta ce to in an yanka zan yi mata irin na Auta? Ko nawa ne za ta biya, amma kada Hajiya ta ji. Na ce ta faɗa wa kafintanta ya yanka ya huda, kada ya haɗa, ya aiko min gida guntu-guntu, kuma kada ta sa rai kafin sati uku.

Ta ce, "Sati uku, Yaya? A kan kabad?"

Muna dawowa ɗakin mai jego tana ta maimaitawa. Auta tana kan gado tana ba jariri nono, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ki dai fara tambayar Yaya Babba ko bayansa yana da ƙwari, don akwai dako a ciki."